Kyamarar da Baba Maccido Ya Zaɓa

Alfred ya sake ciro wata kyamarar daga akwatin gilashi, ya hure mata ƙura, ya saka mata batir. Tun hantsi suke abu ɗaya da tsohon nan, ga azahar ta gota. Babu wuta, fanka ta tsaya, tuwon da matarsa ta aiko ya sandare a kwano.

Alfred mutumin Zuru ne. Aikin dam ya kawo mahaifinsa Goronyo, shi kuwa ya tashi ya buɗe shagon hoto, yana haɗawa da sayar da kyamarori na hannu, irin na zamani da ba sa shan fim. Ya ga masu saye iri-iri, amma bai taɓa haɗuwa da mai wahalarwa kamar Baba Maccido ba.

Manomin albasa ne daga Rara, dogo, mai faffaɗan kunnuwa da hula ta kasa rufewa. Tun shigowarsa ya faɗi abin da ke tafe da shi. Likitan ido a Sakkwato ya ce ganinsa ba zai kai damina ba. Hoton takarda ma ya daina ganinsa, sai abin da ke da haske daga ciki. Ya sayar da albasarsa tun kafin ta yi daraja, yana neman kyamara mai sauƙin kuɗi.

"Akwai huskad da nika son in kalla in ƙoshi, kahin duhu ya ruhe," in ji shi.

Alfred ya ɗauka ko wata jika ce aka haifa. Tausayi ya kama shi. Amma tausayi ma yana gajiya idan ciki babu komai.

Al'adarsa ce idan zai gwada kyamara ya miƙa ta bakin ƙofa, ya ƙyasta duk abin da ta tarar, ya nuna wa mai saye, sannan ya goge. Ta farko ta ɗauko buhunan albasa. Tsohon ya kai ta har bakin hancinsa, ya girgiza kai. Ta gaba ta ɗauko jaki da amalanke, fes, har ana ganin ƙudan da ke idonsa. Ita ma ya ture ta. Alfred ya yi bayanin ƙarfin batir, ya yi na girman katin ajiyar hoto, har bakinsa ya bushe. Tsohon dai sai ya duba ya ce ba ta yi ba, kamar mai zaɓen irin shuka.

A waje, gindin dogon yaro, mai babur ɗin da ya kawo shi yana zaune ya ba shagon baya. Magidanci ne, furfura ta fara taɓa masa gemu. Tun da suka iso tsohon ya sauka bai ce masa sannu ba, bai ko waiwaye shi ba, shi ma bai nemi kuɗin mai ba. Ya yi zamansa cikin zafin nan ba tsaki ba ƙorafi.

"Baba, ko in kira mai babur ɗin ya taya ka dubawa?"

"Mi za ya yi man? Bar wancan inda shike."

Alfred ya koma kan akwatin. A ransa ya ce wataƙila rigimar kuɗin hanya suka kwaso.

Saura guda ɗaya a akwatin, wadda shi kansa yake jin nauyin nuna ta. Fentinta ya koɗe, murfin batir da salatif aka ɗaure shi. Abu ɗaya ta iya, janyo na nesa. Da babu gara ba daɗi. Ya miƙa ta bakin ƙofa, ya janyo, daidai lokacin wata motar albasa ta danna oda, mai babur ya juyo a firgice. Alfred ya ƙyasta.

Fuskar mutumin ta cika gilashin: zufa a goshi, ido jajur saboda iska, kunnuwa a baje.

Tsohon ya karɓa ya kai kusa da ido. Wannan karon bai girgiza kai ba. Ya juya wa ƙofa baya, ya kare gilashin da tafin hannu, ya sunkuya a kansa har Alfred ya zaci gyangyaɗi yake yi.

"Ƙara mata girma."

Alfred ya danna. Ɗan yatsan tsohon, wanda fartanya ta busar, ya bi goshin a hankali, ya gangaro kan gemu.

"Wagga nika so."

Alfred mutum ne mai tsoron Allah. Ya gaya masa gaskiya, batirinta ba ya riƙo, ba ta son ƙura, ga wadda ta fi ta kuma tazarar kuɗin ba yawa. Tsohon bai saurare shi ba. Ya kwance bakin aljihu ya biya, ko tayi bai yi ba, abin da Alfred bai taɓa ganin manomin albasa ya yi ba.

Alfred ya yi ajiyar zuciya, ya karɓi kyamarar zai goge hoton gwajin kamar yadda ya saba. Kafin yatsansa ya sauka, tsohon ya cafke masa wuyan hannu da ƙarfin da bai zata ba.

"Baba, gwaji ne kawai, ɗan kabu-kabun nan ne. Bari in share maka, ka je gida ka ɗauki fuskar da kake son gani."

Baba Maccido bai sake shi ba. Ya matso, ya sassauta murya don kada na waje ya ji.

"Ita ta wagga. Ɗan hwarina na, tun rad da anka haihe shi kunya ba ta bar ni na ɗaga ido na dubi huska tai ba."