Numfashin Ɗan Tunkiya

Nurudeen ya taso daga shagonsa na unguwar Suame da saƙon mahaifiyarsa, Mma: in budurwarsa Hikma tana son auren nan, ta bar aikin jinyar dabbobi. Albashin da kyar yake isar kuɗin trotro, wato motar haya, ga warin awaki a jiki.

Ya same ta durƙushe a tsakar wani gida a Zango. Tunkiya ta haihu, ɗan ko motsi ba ya yi. Hikma ta share masa hanci da gefen mayafinta, ta kafa baki ta hura har sau uku. Sai ga shi ya yi atishawa, yana neman miƙewa.

Mai gidan ya ɗauki waya yana ta yi wa doktan da Hikma take aiki a ƙarƙashinsa godiya, mutumin da ko leƙowa bai yi ba.

Hikma ta ɗago, suka haɗa ido da Nurudeen.

"Me Mma ta ce?"

Sai ya ɗauki buta ya tsuguna a gabanta, farar rigarsa tana jan ƙasa.

"Miƙo hannunki," ya ce a hankali. "Mma ba ta ga abin da na gani ba."