Gadon Susan

Na'urar da ke kan gadon Susan ta sake tsala ihu, Dakta Ndayako ya ajiye shayinsa ya ruga. Lambar iskar jininta ta faɗi warwas. Ita kuwa mara lafiyar tana kwance cikin bargo, ido tar, tana tsotsar lemo da hannu ɗaya.

Gado huɗu ne kacal a ɗakin yara masu tsananin ciwo, ga wani jariri daga Garatu yana jiran wuri, numfashinsa sama-sama. Susan, 'yar shekara takwas, ta isa tashi. Ciwon huhunta ya warke, hoton ƙirji fes. Amma kullum da rana sai na'urar ta ce ba ta san zance ba, Ndayako kuma ba zai sallami yarinya lamba tana faɗuwa ba.

An canja ɗan abin da ake maƙala mata a yatsa. Ndayako ya zargi janareto, ya zargi wayoyi. Abin haushi, kafin ya iso gadon lambar ta ɓace ta dawo daidai, Susan ta miƙo masa yatsa tana murmushi.

Kakarta Alisabatu, mai gasa masara a Sauka Kahuta, takan zo da rana. Ta zauna tana haki, ta cusa hannu cikin bargo ta riƙe na jikar, sai gyangyaɗi, ba ta farkawa sai na'ura ta yi ihu. Nas Lilian ta taɓa yi mata maganar tarin da take yi.

"Hayaƙin gawayi ne," in ji tsohuwar. "Ni ba likitan da zai taɓa ni."

Da aka aiko cewa jaririn ya fara sanƙarewa, hankalin Ndayako ya tashi. Ranar bai je shan shayi ba, ya laɓe bayan labule. Ihu na tashi ya yi wuf ya yaye bargon.

Susan ba ta ko ji kunya ba. Ta damƙe abin da ke hannunta tamau.

"Likita, ka ba jaririn gadon, ni na warke tuni," ta ce. "Kaka ce ta rantse ba za ta zo wurinka ba, shi ne nake kiranka ka zo wurinta."

Ɗan abin na'urar yana maƙale a yatsan Kaka Alisabatu.