Tsamiyar Mashayar Chinade

Ran Lahadi, 14 ga Satumba, 1952, Azare ta wayi gari da yayyafi, irin na ƙarshen damina, wanda ba ya jiƙa riga sosai amma yana kashe jiki. Malam Talha mai hoto yana goge akwatin hotonsa mai ƙafa uku, sai wata dattijuwar Bafilatana ta yi sallama, 'yar ƙaninta Dijatu mai tallan nono tana biye da ita.

Dijatu ce ta yi yawancin maganar. Goggo za ta bi ayarin maniyyata zuwa Makka da zarar an kawar da amfanin gona, kuma a shekarunta ba wanda yake sa ran dawowarta, har ita kanta. Abu ɗaya take so ta tafi da shi: hoton tsamiyar da ke bakin mashayar Chinade. A ɗauka da azahar, lokacin da shanu suke kwance.

Talha ya ce azahar ba lokacin hoto ba ne, rana tana tsaka, inuwa tana baƙanta komai. Goggo ta ce ita da azahar take so.

Ya karɓi aikin don yana ganin mai sauƙi ne. Ya gaji da 'yan kokawa da 'yan tseren makaranta, masu motsawa kafin ya danna. Itace dai ba ya gudu. Damuwarsa kawai fim, wanda daga Kano ake kawo masa, ga shi ya kusa ƙarewa.

Ya ɗaure akwatin a bayan keke, ya yi ta turawa cikin yashi har Chinade. Tsamiyar tana da kyau, reshenta ɗaya ya sunkuyo kan ruwa, balbelu sun yi mata fari. Sai dai a gindinta akwai wani makiyayi mai furfura a gemu, tsaye da ƙafa ɗaya, ya dogara da sandarsa. Talha ya roƙe shi ya matsa. Mutumin ya matsa.

Hoton ya fito fes. Goggo ta riƙe shi a tafin hannu, ta duba gindin itacen, ta mayar masa.

"Malam, ba haka take ba."

Ya tambaye ta me ya rage. Ta ce ita ba ta san aikin hoto ba, a dai sake. Ya faɗa mata wahalar hanya, ya ce har wani makiyayi sai da ya kora daga gindin kafin ya samu itacen shi kaɗai. Goggo ta kawar da kai, ta shiga tambayar Dijatu ko ta rufe ƙwaryar nono. Dijatu ta sunkuyar da kai ƙasa.

Ya koma. Wannan karon ya tsaya ta gabas, don ruwan ya shigo. Makiyayin yana nan a wurinsa, da ya hango keke ma shi ya fara matsawa da kansa. Goggo ta duba, ta ce Allah ya saka da alheri, amma ba ita ba ce.

Aka yanke gero. Aka sa ranar tashin ayari. Ciwon baya ya kama Talha, fim saura ɗaya. Matarsa ta ce ya ba tsohuwa haƙuri, ya ce ya riga ya amsa.

A zuwa na ƙarshe taya ta yi faci a hanya, ya isa a gajiye, maƙogwaro a bushe. Ya kafa akwatin, ya lulluɓa baƙin ƙyalle a ka. Sai a lokacin ya ga makiyayin a cikin madubin, bai ji isowarsa ba, yana kallon shanunsa. Talha ya ɗaga murya ya ce, "Bawan Allah, matsa mana." Mutumin ya waiwayo, hannun Talha kuma ya riga ya danna.

Da ya wanke, ga tsamiya a duhu, ga fuskar makiyayi tarwai a tsakiya, tana kallon mai kallo. Aiki ya ɓaci. Kunya ta hana shi nuna wa kowa. Ya jefa hoton a ƙasan akwati, ya aika wa Goggo cewa fim ya ƙone.

Ayari ya tashi da ita hannu wofi.

Bayan kaka, Dijatu ta kawo nono, ta tarar yana kakkaɓe akwatin. Hoton ya faɗo gabanta. Ta ɗauka, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce maniyyata suna nan a Maiduguri, gidan fatoma Zarami mai masaukinsu, suna jiran takardun tafiya, amma an ce sun kusa tashi. Ta ce ya aika wa Goggo hoton yau.

"Da mutumin a ciki?"

"Malam, ka dai aika."

Bai da ƙarfin gardama. Ya rubuta gaisuwa da ban haƙuri, ya sa hoton a ambulan, suka tafi gidan waya tare. Ya manna kan sarki, ya jefa a akwati, ya ji faɗuwarta. Sannan ya tambayi Dijatu wane ne wannan mutumin da ya yi ta shiga masa aiki.

Dijatu ta gyara ƙwarya a kanta.

"Jumare ne, ɗan farin Goggo. Ka san mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaga ido ta kalli fuskarsa. To da wane baki za ta ce maka hotonsa take so?"