Butar Da Ta Ƙi Zama Wuri Ɗaya

Butar ta sake gusawa.

Uwar-Biyu ta ajiye jakarta, ta tsaya tana kallon teburin da ke tsakiyar ɗakin zane. Jiya bakin butar taga yake fuskanta, yau ya juya wajen ƙofa. Kwalbar ta fita daga da'irar allin da aka zagaye gindinta da shi, tsohon takalmin ya kwanta a gefe. Duk aikin da ta yi ya tashi a tutar babu. Ko ƙarfin yin tsaki ba ta da shi.

Dokar darasin ɗaya ce: malami ya jera kaya, ɗalibai su zana su yadda suke, ba mai taɓawa sai an gama. Sau biyu tana faɗuwa wannan darasi, kuma shugaban sashe ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye cewa na uku kora ce. Ga tagwaye masu haƙori a gida, ga maigida da kullum sai ya tambaye ta ko jami'ar ba ta da abin koyarwa sai buta.

Malamin kuwa sai addu'a. Danna-Hannu ɗalibai ke kiransa, don maganarsa ke nan. Dattijo ne, hanya ɗaya yake bi, wuri ɗaya yake zama, wanda ya gusar masa da kujera kuwa ya shiga uku. In aka miƙa masa zane sai ya ɗora a cinya, ya shafa ciki da bai kamar mai sayen yadi, ya yanke hukunci. Samarin da ke turmushe fensir har takarda ta kusa hujewa su ne 'yan gaban goshinsa. Ita mai sanyin hannu, wadda kowa ke yabon laushin inuwar zanenta, amsarta ba ta canzawa.

"Wannan ai farar takarda ce, Uwar-Biyu. Danna hannu."

A darasin tarihin zane ma ba a gane masa. Kwanan baya aka haska wani tsohon hoto a bango kai a ƙasa, ya yi ta bayani a kansa, launi bayan launi, har lokaci ya cika bai ce a gyara ba. Aji ya yi ta ƙunshe dariya, aka ce gatse ne irin nasa.

Da tura ta kai bango, sai ta kai kuka wurin shugaban sashe. Ta ce ana gusar da kaya, ana kuma dame mata zane da yatsu. Masu shara sun riga sun rantse ba su ba ne. Shugaba ya ce ta kawo shaida. Ko wane ne, ɗalibi ko ma'aikaci, ranar zai bar sashen.

Washegari ta ajiye tagwayen wurin surukarta, ta yi sammako. Mai gadi ya buɗe mata, ta zauna a kujerarta gefen allon zanenta, waya a hannu. Ɗakin da sauran duhu, sai warin fenti da ƙurar gawayi. Gajiya ta danne ta har ta fara gyangyaɗi.

Ƙarar ƙofa ce ta farkar da ita. Danna-Hannu ne. Bai kunna fitila ba, ya miƙe sai gaban tebur. Ya ɗauki butar, ya bi bakinta da yatsa, ya ajiye ta a karkace. Ya ɗaga kwalbar, ya juya takalmin, leɓɓansa na motsi kamar mai hadda.

Ranta ya ɓaci. Wato shi ne! Shi ke kafa doka, shi ke karya ta, sannan ya kayar da mutum. Ta danna waya ta fara ɗaukarsa, ba ta ma ɓuya ba. In ya isa, ya yi mata magana.

Bai ce mata uffan ba. Ya bi zanen ɗalibai ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, yana gyaɗa kai, har ya iso nata. Nan ya daɗe. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa, ya zura hannu ta bayan takardar, ya sake dawowa. Sai ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya fi ta gajiya.

"Haba 'yata," ya ce a hankali, shi kaɗai. "Kowa na cewa kin fi su hannu. Ki danna ko kaɗan ne, in sami abin da zan ba ki maki a kai."

Ta miƙe tsaye, ta kunna fitilar wayar, ta haska masa fuska don shaidar ta fito sosai. Hasken ya daki ƙwayar idonsa, ko ƙiftawa bai yi ba. Shekara biyu ke nan tana faɗuwa a hannun malamin da bai taɓa ganin zanenta ba.