Akushin Malam Tanko

Ranar da aka kafa allon da ya raɗa wa gundumarmu sunan Malam Tanko, kakata Iya ko zaure ba ta leƙa ba. Mahaifinta ne fa. Shi ya fara sare dajin ya zauna, daga baya aka naɗa shi dagaci. Na dawo da gudu daga wurin bikin bayan la'asar, kiɗa bai bar kunnena ba, na tarar tana shafa wa wani tsohon akushi man kaɗe.

"Iya, ba za ki je ki ga sunan babanki ba?"

Ta miƙo mini akushin. Baƙi ne wuluk, bakinsa ya tsage, yana ƙaurin tsohon hayaƙi.

Ta ce, "A nan ake zuba masa tuwo, mu yara ragowarsa muke jira. Shi kuwa yana can rabon gona ko sasanta manoma da makiyaya. Mu zura wa faifan da aka rufe akushin da shi ido har barci ya kwashe mu. Mutanen gari sun samu uba, jikalle. Mu tuwo mai sanyi muka samu."

Haushinta na ji a ranar.

Yanzu aikin jinya nake yi a Riyad. Jiya na dawo gidanmu na unguwar Ulaisha bayan la'asar, ƙafafuna a kumbure, na tarar da shinkafata a rufe. Autata ta yi barci a gefen kwanon, cokali biyu a hannunta.

Ni ko allon ma ba wanda zai kafa mini.