Mai Caje a Ƙofar Biki

Wayoyi sun cika kwando biyu lokacin da aka tsinci abin a banɗakin mata.

Aikin Suhaila ke nan a bukukuwan Hausawan unguwar Shisha, a ƙasa mai tsarki. Ta tsaya a ƙofar zaure, ta laluba jaka, ta laluba jiki, ta karɓe duk wayar da ke ɗaukar hoto. Sai an wuce ta ake cire abaya. Daga nan ciki gashi a waje, kafaɗu a waje, don haka babu uwar amaryar da ke wasa da mai caje. Suhaila ta yi suna a sana'ar. Gajera ce, ba ta ɗaga murya, kuma ta taɓa zaro waya daga cikin ɗaurin ɗankwalin wata matar attajiri.

Tun da ta zo aikin hajji daga Damagaram ba ta koma ba, iƙama kuwa, wato takardar izinin zama, ba ta taɓa riƙe ta ba. Kowa ya sani, kowa ya kama bakinsa, don a unguwar Kudai inda take haya rabin layin haka suke.

Abin da aka tsinta kwalin magani ne guda biyu, ɗaure da roba. Aka kai wa Hajiya Zinariya, uwar amarya, ita kuma ta miƙa wa surukarta Abir, wadda ta fara makarantar jinya kafin aure ya katse ta, kuma tun daga lokacin ba a yi ciwon kai a dangi ba tare da jin ra'ayinta ba.

Abir ta karanta, ta zaro ido.

"Umma, wannan sinadarin mace yake ƙarawa. Shi kaɗai ba komai, manyan mata ma suna sha. Amma ɗayan danne na namiji yake yi. Duk wanda ya haɗa biyun, wallahi namiji aka haife shi."

Hajiya ta dafe ƙirji. Mata sun fi ɗari biyu a ciki, kowacce ta saki jiki.

"A kira 'yan sanda!"

Suhaila ta san yadda 'yan sanda ke aiki. Daga bakin ƙofa suke fara tambayar takardu, kuma ita ce a bakin ƙofa. Ta shafa jakarta, ta ji zif a buɗe, ta ja shi a hankali.

"Hajiya, in suka shigo biki ya tashi, gobe sunan amarya ne a bakin kowa. Bari mu duba da kanmu."

Nan take zauren ya cika da likitoci. Wata ta ce a duba ƙafa. Wata ta ce maƙogwaro. Wata tsohuwa da ba ta gane jikokinta sai sun yi magana ta rantse da hanci za ta gano shi. Abir ta tsaya a tsakiya tana bayani kamar an gayyato ta lacca. Maganin, in ji ta, yana sa fata laushi, ya fito da ƙirji, ya tara jiki a ƙugu, ko ƙwaya ce ko allura, in an jure shekaru. Amma ba ya taɓa murya, ba ya rage ƙashi.

"Yaudarar kai ce kawai, Umma. Tun daga nesa ake gane su."

Da wannan ilimi idanu suka zagaya, suka sauka a kan Kabira mai rabon shayi. Doguwa ce, muryarta kamar janareta, ga 'yan gasu a haɓa. Ta haifi 'ya'ya shida, amma a Agadas ta haife su, inda ko ɗaya daga cikin likitocin nan ba ta je barka ba. Ita ma ba ta da iƙama.

Suhaila ta ja ta zuwa ɗakin ajiye abaya, ta rufe ƙofa.

"'Yar'uwa, me na yi musu?" in ji Kabira, tiren shayi a hannunta.

"Tsayi kika yi. Ajiye tiren, ki sha ruwa."

Kabira ba ta sha ba. Da kanta ta ɗage riga, tana kuka, ta nuna tabon aikin da aka yi mata a haihuwar auta. Suhaila ta kawar da kai, ta sauke mata rigar.

"Mace ce," ta faɗa wa zauren. "Har tabon haihuwa na gani."

Hajiya ba ta gamsu ba. Ta ce a caje kowa, ɗaya bayan ɗaya, har da Abir. Mata suka yi layi suna tsaki, Suhaila tana aikinta cikin natsuwa. Binciken bai tashi a banza ba. An samu gashin kanti da yawa, an samu ƙugun soso guda huɗu, an samu wayar da ƙanwar ango ta ɓoye a safa. Namiji dai ba a samu ba.

Aka yanke hukunci cewa 'yan bikin jiya ne suka yar, laifin masu shara ne.

"Ai na faɗa," in ji Abir tana gyara riga. "Da yana nan, kallo ɗaya ya ishe ni."

Kiɗa ya dawo. Hajiya Zinariya ta zo bakin ƙofa kanta ba ɗankwali, ta rungume Suhaila, ta sumbace ta a kumatu biyu.

"Allah ya bar mana ke, 'yata. Yau kin rufa wa mata asiri." Ta danƙa mata kwalayen da yatsu biyu. "Ungo, jefar da ƙazantar nan."

Suhaila ta jira ta juya baya, sannan ta mayar da su jaka, ta tabbatar zif ya rufu, don da saura a ciki kuma da ƙyar ake samo su. Likitar da take magana da ita ta waya kullum tambayarta ɗaya, ko haɗin yana aiki, kuma shekara tara bayan ta daina amsa sunan Isufu, yau Suhaila ta samu shaidu ɗari biyu.