Tela da Kekunansa Uku

Tela yana cikin yanka wuyan riga, mai shayi ya leƙo shago ya ce, "Dillalin yadi ya kai ƙara kotu, na ji an ambaci gidanku."

Tela ya ɗauka shi aka kai ƙara, don ya daɗe yana cin bashin yadi. Da mutumin kirki ne, sai ya je ya sami mai kaya ya nemi sassauci kafin sammaci ya iso. Amma shi a ganinsa duk duniya babu mai wayonsa. Ya kira ƙaninsa da suke gida ɗaya, wani ragon banza da bai taɓa zura zare a allura ba, ya tara shaidu, aka rubuta ya sayar masa da kekunan ɗinkinsa uku.

Matarsa ta ce, "Maigida, ka je ka ba mutumin nan haƙuri mana."

"Ke, rufe mana baki! Su zo su ɗauki abin da ba nawa ba, in gani."

Da aka kwana biyu, ma'aikatan kotu suka iso da mota. Tela ya harɗe ƙafa, ya miƙa musu takardar tun ba su tambaya ba.

"Kekunan nan na ƙanina ne, ni aro nake."

Babbansu ya karanta ya ce, "Madalla, ka hutar da mu. Kai ba wanda ya kai ƙararka. Ƙanin naka alƙali ya yanke wa hukunci kan bashin dillalin, aka ce ba shi da ko tsinke. Samari, ku loda."